Amsa ga ɗalibin Argungu da anka ba firojet a kan tururuwa

Wa alaikumus salam ɗana. Na ga saƙonka tun shekaranjiya, makin jarrabawa ne ya riƙe ni. Ka ce kana aji huɗu a sashen nazarin halittu, malaminka ya ba ka firojet a kan tururuwan da ke cikin gonakin shinkafa, abokai har sun laƙa maka Dakta Tururuwa, shi kuma Baba ya tambaye ka ko don wanga ne ya sai da buhunan shinkafarshi ya biya maka kuɗin makaranta. Shi ne kake tambaya wai da gaske akwai wanda ya ƙare rayuwarshi a kan tururuwa kuma ya zama wani abu, ko ka koma ka roƙi a canza maka.

Kar ka canza. Na daɗe ina koyar da ilimin ƙwari kuma wallahi duk shekara sai na ji irin wagga magana, don haka bari in ba ka labarin mutum ɗaya tun daga farko, in ka gama karantawa sai ka yanke shawara da kanka.

Sunanshi Edward Wilson, Ba'amurke ne, an haife shi ran 10 ga Yuni 1929 a Birmingham ta jihar Alabama, ya rasu ran 26 ga Disamba 2021 yana da shekara 92. Ba ɗan masu kuɗi ba ne, babanshi akanta ne na gwamnati da ake ta yi ma canjin wurin aiki, iyayen sun rabu yana da shekara 7, cikin shekara 11 ya zaga makarantu sun fi goma, yau nan gobe can, bai samu ya yi abokai na dindindin ba sai daji ya zame mashi aboki. A wannan shekara da iyayen sunka rabu yana zaune bakin ruwa yana kamun kifi da ƙugiya, ya fizgo wani ɗan kifi mai ƙaya a gadon baya, kifin ya taso ya soke shi a idon dama. Kai ɗan Argungu ne ka san yadda ƙayar ƙurungu take in ta shiga hannu, to ka ƙiyasta a ce tsakiyar ido ta samu. Yaron bai bar kamun kifin ba ranar, daga baya yana ta rufe idon aka yi mashi aiki, idon bai ƙara gani sosai ba har ya mutu. Da ya fara tasawa kuma kunnenshi ya daina jin siririyar ƙara, irin kukan ƙananan tsuntsaye. Ga yaro mai son dabbobi, ga shi ba ya hango tsuntsu a nesa ba ya jin kukanshi. Amma idon hagun nan Allah ya ba shi kaifi a kusa, har gashin jikin ɗan ƙwaro yana iya gani. Sai ya sunkuyar da kai ƙasa, bai ƙara ɗagowa ba kusan shekara tamanin.

Yana da shekara 13, a 1942, a wani kango kusa da gidansu a garin Mobile mai tashar jiragen ruwa, ya ci karo da gidan wata jar cinnaka da bai taɓa gani ba. Ashe baƙuwa ce, daga Kudancin Amurka ta biyo kayan jirgi, ita ce suke kira cinnakar wuta saboda zafin harbinta, wadda daga baya ta mamaye kudancin ƙasar tana ɓarna a gonaki da makiyaya. Yaron nan yana cikin na farko da sunka lura da ita a ƙasar. Kuma ka ji wani abu, da farko ƙudaje ya so ya karanta, to su ƙudaje sai an soke su da wata allura ta musamman kafin a ajiye, daga Turai ake kawo ta, yaƙin duniya na biyu ya sa ta yanke. Tururuwa ko ba ta buƙatar allura, 'yar kwalba da sifirit sun wadatar, kwalaben magani ya riƙa tarawa. Rashin kayan aiki ne ya tura shi ga tururuwa, ina so ka riƙe wanga don na san kukan da za ka yi mani nan gaba shi ne lab ɗinku ba komai.

Ya yi digiri na ɗaya a Jami'ar Alabama 1949, na biyu 1950, a tsakanin nan jihar ta ɗauke shi ya zaga ya auna inda cinnakar wutar nan ta kai, yana ɗan shekara 19 zuwa 20. Ya yi dakta a Harvard 1955, ya zama malami can 1956, ya koyar shekara 40. Kafin ya zauna sai da ya taka Kyuba da Meziko da Fiji da Niyu Gini da Ostireliya, yana kwana a daji yana fasa ruɓaɓɓun itatuwa yana cika kwalabe.

To yanzu ga inda nake so ka nutsu, don nan ne aikin da ni a ganina ya fi duk sauran. Kowa ya san kiyashi, ka zubar da sikari a ɗaki ka fita ka dawo ka tarar sun yi layi tun daga ƙofa. Wa ya gaya masu? Yau in ka koma ɗaki ka gwada, ka sa yatsa ka goge layin a wuri ɗaya kamar faɗin yatsa biyu, ka tsuguna ka kalla. Waɗanda sunka iso wurin za su tsaya cak, su yi ta kaɗa 'yan ƙahonninsu suna komawa baya suna dawowa, layin ya cunkushe ta kowane gefe, sai can wata ta yi ƙarfin hali ta tsallaka sannan sauran su bi. Hanya ce ta wari ka goge. Masana sun daɗe suna zargin haka amma ba a san daga ina warin ke fita ba, sai a ƙarshen shekarun 1950 Wilson ya zauna da madubin ƙara girma da 'yan hantsaki masu kaifi irin na masu gyaran agogo, ya riƙa feɗe cinnakar wuta, dabbar da ba ta kai ƙwayar shinkafa ba, yana ciro kayan cikinta ɗaya bayan ɗaya yana murje kowanne a bakin tsinke yana ja a kan gilashi a gaban gidansu. Ya ja wannan shiru, ya ja wancan shiru. Da ya zo kan wata 'yar jaka da ke gindin ƙarin harbinta, siririya da ƙyar ido ke ganinta, yana jan layi sai ga su sun ɓarko kamar an buɗe dam, duk inda ya karkata tsinken nan suke bi. A 1959 ya buga sakamakon. Irin wanga sinadari shi ake kira firomon, kuma yau da iliminshi ake haɗa tarkon da ake ratayewa a gonar masara ko ta tumatur ana kama mazan ƙwari don a san lokacin feshi.

Akwai na biyu da nake ba ɗalibai kowace shekara don ba ya fita ran mutum. Tururuwa in ta mutu a cikin gida 'yan'uwanta ba su kulawa, za su yi ta wuce ta kamar kwana biyu, sai ta fara ruɓa sannan wata ta ɗauke ta ta kai juji. Shi da abokan aikinshi sunka gano wani sinadari mai maiƙo ne ke fita daga gawar, dangin wanda ke cikin man gyaɗa. Sai sunka ɗiga shi a jikin mai rai. Nan take wata ta sunkuce ta, tana shure-shure da ƙafafu shida, anka kai ta juji anka jefar. Ta tashi ta lashe jikinta ta koma gida, in da sauran wari a ƙara ɗauke ta, har sai ta wanku tas sannan a karɓe ta. Ma'ana su duniyarsu ta hanci ce, abin da wari ya faɗa shi ne gaskiya ko da ido ya ga akasin haka. Kuma irin tururuwar da sunka yi aikin da ita mai tara hatsi ce, kamar tamu baƙar nan da ke share fili kewaye da raminta tana jan gero.

Daga nan ya haɗu da wani masanin lissafin halittu, Robert MacArthur, a 1967 sunka fitar da bayani a kan tsibirai: yawan nau'in halittun da tsibiri ke riƙewa ya danganta da girmanshi da kuma nisanshi daga gaɓa, kusan in girman ya ninka sau goma yawan nau'in ya ninka sau biyu. Bai tsaya a takarda ba, shi da ɗalibinshi Daniel Simberloff sunka je Florida sunka lulluɓe wasu 'yan tsibiran itace da tanti, anka turara masu guba duk ƙwaron da ke ciki ya mutu, sannan sunka zauna suna ƙirga masu dawowa. Kafin shekara ta zagayo yawan ya koma kusan yadda yake, na kusa da gaɓa sun riga cika, amma ba lalle nau'in da ke nan da can su ne sunka dawo ba. Duk sanda na bi ta Yauri na hango gungunan nan, wato tsibiran da ke cikin kogin Neja, sai aikin nan ya faɗo mani, ga lab Allah ya shimfiɗa mana kyauta. Kuma kowane ɗan kurmin da ya rage tsakanin gonaki shi ma gungu ne, in ka rage shi kana rage abin da zai iya riƙewa ko ba ka kashe komai da hannunka ba. Wani abu da zai ƙarfafa maka gwiwa, shi da bakinshi ya faɗa lissafi ya ba shi wuya, yana da shekara 32 yana farfesa a Harvard ya shiga aji ya zauna cikin yara 'yan digirin farko yana koyon kalkulas, wani reshe na lissafi mai zurfi, wasunsu ma ɗalibanshi ne a wani darasin.

Ba zan ɓoye maka inda anka yi rigima da shi ba. A 1975 ya rubuta wani ƙaton littafi a kan zamantakewar dabbobi, a babin ƙarshe ya shigo da ɗan Adam yana cewa halayenmu da yawa gado ne na jini. Abokan aikinshi na nan Harvard, Richard Lewontin da Stephen Gould, sunka taso mashi cewa irin wagga magana ita masu wariyar launin fata ke fakewa da ita, har a 1978 a wani taron masana a Washington masu zanga-zanga sunka hau dandamali anka juye mashi ruwan sanyi a ka. Ni dai ra'ayina, a kan tururuwa malamina ne ko ban taɓa ganinshi ba, amma da ya tsallaka zuwa ɗan Adam da addini ya wuce gonarshi, akwai abubuwan da ya faɗa da ni a matsayina na Musulmi ban karɓa ba kuma ba na koya ma ɗalibai su. Ka ɗauki abin da ya auna da idonshi, abin da ya yi hasashe kuma ka auna shi kai ma.

Maganar ko ya zama wani abu. Littafin da shi da Bajamushe Bert Hölldobler sunka rubuta a kan tururuwa zalla a 1990 ya ci kyautar Pulitzer, babbar kyautar marubuta ta Amurka, a 1991, karo na biyu ke nan da ya ci ta. A 1990 Suwidin ta ba shi kyautar Crafoord, wadda ake ba fannonin da Nobel ba ta taɓawa. A 2000 Saudiyya ta ba shi kyautar Sarki Faisal ta kimiyya, wannan ita za ka fara gaya ma Baba. Amma abin da ya fi burge ni duk ba waɗanga ba ne. Yana da shekara 70 da ɗoriya, ya riga ya yi ritaya, ba abin da yake nema wurin kowa, ya kammala aiki a kan dangi ɗaya tak na tururuwa masu manyan kawuna, nau'i sama da 600, fiye da 300 daga ciki ba wanda ya taɓa ba su suna, kuma da hannunshi ya zana su da ido ɗaya, a 2003 ya fito. Yana haura 80 yana zuwa gandun dajin Gorongosa a Mozambik yana rarrafe da yaran ƙauye suna tara ƙwari, a 2014 anka buɗe ɗakin bincike da sunanshi a can.

To mu dawo gida, don gaskiya abin da ya sa na zauna na yi maka doguwar amsa ke nan. A wata bishiya ɗaya a dajin Peru ya ƙirga nau'in tururuwa 43, kusan daidai da na duk Birtaniya. An san nau'i wajen 14,000 a duniya, kuma wani ƙiyasi na 2022 ya ce yawansu ya kai 20 da sifili 15 a bayanta, kowane mutum ɗaya tururuwa miliyan 2.5 ke nan. Aiki mai yawa a kan tururuwan Najeriya a gonakin koko na kudu anka yi shi. Fadamar Argungu fa? Gonakin albasa na Aliero? Duwatsun Zuru? Kusan duk abin da za ka rubuta da kyau sabo ne.

Kuma ba daga sifili za ka fara ba, kakanninmu sun riga sun yi rabin aikin. Bahaushe bai tara su ya kira su da suna ɗaya ba, ya ce tururuwa, ya ce cinnaka, ya ce kiyashi, ya ce gwano, ya ce ƙwarƙwasa, kowacce da halinta. Da ya ce in tururuwa ta tashi lalacewa fiffike take yi, abin da ya gani da ido ya faɗa: farkon damina in ruwa ya sauka masu fiffike ke fitowa, maza da 'yan matan da za su zama sarauniya, su yi barbara, mazan su mutu cikin 'yan kwanaki, mafi yawan matan tsuntsaye da ƙadangaru su cinye. Wadda ta tsira ta karye fikafikanta da kanta ta haƙa rami ta kafa sabon gida, da maniyyin da ta ajiye ranar nan za ta yi ta haihuwa har ƙarshen rayuwarta, an taɓa ajiye wata sarauniya a Turai ta yi kusan shekara 29. Duk waɗanda kake gani suna jan hatsi da masu cizo mata ne, ba namiji ko ɗaya. Jerin gwano kuma da muke faɗa kullum, fita yaƙi ne, 'yar leƙen asiri ke gano inda gara take ta dawo ta ja rundunar. Wani Bajamushe, Erik Frank, ya bi irin waɗanga masu farautar gara a dajin Comoé na Kwaddibuwa, a 2017 ya nuna suna ɗauko 'yan'uwansu da sunka ji rauni su kawo gida, a 2018 ya nuna suna lashe raunin, waɗanda ba a yi ma jinya ba 80 cikin 100 ke mutuwa, waɗanda anka yi ma 10 kacal. Dabbar da muke tsallakewa a hanyar gona ke nan. Tsofaffi za su gaya maka a shekarun yunwa har gidan tururuwa an tona an kwashi hatsin da ta tara. Sannan in wani ya ƙara yi maka dariya ka tuna mashi sura ta 27 a Alƙur'ani sunanta ta ɗauka, kuma a aya ta 18 ita ce ta yi ma 'yan'uwanta gargaɗi su shige gidajensu kar rundunar Annabi Sulaiman (AS) ta tattake su, har Annabin Allah ya yi murmushi.

Kuskure ɗaya da ɗalibai ke kawo mani kullum, kar ka haɗa gara da tururuwa. Gara dangin kyankyaso ce, tururuwa dangin zuma da rina. Tururuwa na da siririn ƙugu da ƙaho mai gwiwa, gara jikinta a miƙe yake ƙahonta kamar carbi, shingen da yara ke kamawa gindin fitila gara ne, fikafikanshi huɗu tsawonsu ɗaya.

Batun abinci kuma, ba zan ce maka tururuwa za ta sai maka mota ba. Amma wanda ya iya kama ƙwaro ya tantance shi ya ƙirga shi ya rubuta daidai, hannun nan shi ake nema a aikin sauro da maleriya, da tsutsar masara da ta shigo mana a 2016, da sharon, tsutsar nan da ta ƙone tumatur, da tsutsar wake, a cibiyoyi irin na Samaru Zariya da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan da ma'aikatun gona. Manomin shinkafa ma yana da amfani a firojet ɗinka, don wasu tururuwan na cin ƙwai da tsutsar ƙwarin da ke huda karan shinkafa, wasu kuma na kwashe iri, in ba a san wace ce wace ba feshi zai haɗa duka ya kashe.

Ga abin da za ka yi satin nan. Ka sayi kofunan roba kamar 30 masu girma ɗaya. Ka zaɓi wuri uku, kan kunyar da ke raba fala-falan shinkafa, da gefen gona inda ciyawa take, da tudun da ruwa ba ya kaiwa, kowane wuri kofi goma a jere taku goma tsakani. Ka binne kofin bakinshi ya yi daidai da ƙasa sosai, in ya ɗan taso ko kaɗan ƙananan ba za su faɗa ba, ka zuba ruwa kamar kashi ɗaya cikin uku da ɗan garin omo kaɗan don kar su yi iyo su fita. Bayan awa 48 ka kwashe, ka tace da rariyar shayi, kowane kofi da kwalbarshi, sifirit mai ƙarfin 70 cikin 100. Takardar da za ka jefa cikin kwalbar da fensir za ka rubuta wuri da rana da lambar kofi, biro narkewa yake a sifirit, na ga ɗaliba ta yi asarar aikin wata biyu a kan haka tana kuka a ofis ɗina. Ka gaya ma mai gonar da yaranshi abin da kake yi don kar a tone maka kofuna, ka kuma tambaye shi sunan kowacce da abin da ya san tana yi, ka rubuta a littafinka yadda ya faɗa. Wurin tantancewa akwai shafin AntWeb a intanet, hotuna ne kyauta ta gaba da ta gefe da ta sama. Ka maimaita sau ɗaya a rani sau ɗaya bayan ruwa ya zauna. In ka tara na farkon ka turo mani hotuna mu duba tare, ka gaida Baba da kyau.